Zaɓen Kyamara Don Aikin Bincike: Tsakanin Maras Madubi da Ta Aljihu

1.0 Gabatarwa

Mai nazarin harshe ko adabi ko al'ada a yau ba ya fita fagen bincike da littafi da alƙalami da rikoda kaɗai. Yakan bukaci hoton takardar ajami da aka ba shi aro na 'yan sa'o'i, da hoton maƙera ko masaƙa tare da kayan aikin da yake tattara sunayensu, da kuma bidiyon mai magana, domin motsin hannu da na leɓe wani ɓangare ne na zance. Irin wannan dama ba kasafai take maimaituwa ba. Dattijon da aka yi hira da shi bana mai yiwuwa ne ba za a same shi baɗi ba. Haka kuma mai kundin da ya yarda ya buɗe adakarsa sau ɗaya, ba lalle ne ya sake buɗe ta ba. Idan hoto ya fito dushi-dushi, ko murya ta cakuɗe da hayaniya, asarar ba ta tsaya ga kuɗin mota ba, ta shafi ilimin da aka je nema.

Wannan maƙala za ta yi bayani a kan kyamarori iri biyu da mai bincike ya fi cin karo da su a kasuwa, wato kyamara maras madubi da ƙaramar kyamara ta aljihu. Manufarta ita ce ta nuna cewa babu wadda ta fi 'yar'uwarta a kowane hali. Abubuwan da ke yanke hukunci su ne irin aikin da za a yi, da hasken wurin da za a yi shi, da kuma matsayin sauti a cikinsa. Yawan megafiksel, wanda 'yan kasuwa suka fi yin talla da shi, shi ne na ƙarshe a jerin abubuwan dubawa.

2.0 Asalin Kyamarorin Biyu

Dukkan kyamarorin biyu na dijital ne, ma'ana ba sa amfani da fim. A maimakon fim, suna ɗauke da wani ɗan faranti mai karɓar haske, wanda masu sana'ar ke kira sensa. An jera miliyoyin ɗigogi a kan sensa, kowane ɗigo yana auna hasken da ya sauka a kansa, ya mayar da shi lamba. Ɗigo ɗaya shi ne fiksel, miliyan ɗaya kuma megafiksel. Willard Boyle da George Smith na ɗakin bincike na Bell a Amurka su ne suka ƙirƙiro irin wannan faranti a 1969, aikin da ya sa aka ba su kyautar Nobel a 2009. A 1975 wani injiniyan kamfanin Kodak, Steven Sasson, ya haɗa kyamarar dijital ta farko. Ɗigoginta 10,000 ne kacal, kuma takan ɗauki daƙiƙa 23 kafin ta adana hoto ɗaya a kan kaset.

2.1 Kyamarar Aljihu

Kyamarar aljihu ita ce wadda aka ƙera gilashinta manne da jikinta, ba a cire shi, ba a sauya shi. Ta fara yaɗuwa a tsakiyar shekarun 1990, musamman bayan fitowar Casio QV-10 a 1995, wadda ta zo da allon da mutum zai ga hotonsa nan take. Kasuwarta ta kai ƙololuwa a 2010. Ƙididdigar ƙungiyar kamfanonin ƙera kyamara ta Japan, wato CIPA, ta nuna cewa a wannan shekara an fitar da kyamarorin dijital kimanin miliyan 121, kuma fiye da miliyan 100 daga cikinsu masu gilashi a manne ne. Daga nan wayar hannu ta shigo ta cinye kasuwar. A 2023 jimillar kyamarorin da aka fitar ba ta kai miliyan 8 ba, masu gilashi a manne kuwa ba su kai miliyan 2 ba. Kamfanin Casio kansa ya janye daga ƙera irin wannan kyamara a 2018.

Abin lura a nan shi ne, sunan kyamarar aljihu ya ƙunshi aji biyu. Akwai masu araha, masu 'yar ƙaramar sensa, waɗanda kyakkyawar wayar hannu ta kamo su a kusan komai, ban da jawo abu na nesa kusa. Akwai kuma masu daraja, waɗanda aka sanya wa babbar sensa, irin su Fujifilm X100 ta 2011, da Sony RX100 ta 2012, da Ricoh GR III ta 2019. Wannan aji na biyu shi ne wanda ya cancanci a gwada shi da kyamara maras madubi.

2.2 Kyamara Maras Madubi

Ba za a fahimci wannan suna ba sai an san kyamarar da ta gabace ta. Manyan kyamarorin masu ɗaukar hoto na da, waɗanda ake kira SLR, suna da madubi a kishingiɗe tsakanin gilashi da fim ko sensa. Aikin madubin shi ne ya karkata hasken da ya shigo zuwa sama, zuwa ga maleƙar da mai ɗaukar hoto ke sanya ido. Idan aka danna maɓalli, sai madubin ya ɗaga, haske ya wuce, sa'annan ya komo mazauninsa. Wannan ne ke haddasa ƙarar da aka saba ji, shi ne kuma ke ƙara wa kyamarar kauri da nauyi.

Kyamara maras madubi ta yar da wannan tsari. Haske yana sauka kai tsaye a kan sensa, ita kuma tana aika hoton zuwa allon baya ko zuwa wani ɗan ƙaramin allo da ke cikin maleƙa. Duk da haka ta riƙe babban amfanin SLR, wato ana iya cire gilashi a ɗaura wani. Kamfanonin Olympus da Panasonic ne suka buɗe wannan fage a 2008, lokacin da Panasonic Lumix G1 ta fito. Sony ta biyo baya a 2010, ta kuma fitar da A7 mai cikakkiyar sensa a 2013. Canon da Nikon sun fitar da nasu masu cikakkiyar sensa a 2018. Daga 2020 yawan marasa madubi da ake fitarwa ya zarce na masu madubi.

Ke nan bambancin asali tsakanin kyamarorin da ake magana a kansu ba madubi ba ne, domin kyamarar aljihu ma ba ta da shi. Bambancin shi ne, ta aljihu kammalallen abu ce, yadda aka saye ta haka za ta ƙare. Maras madubi kuwa ginshiƙi ce da ake ɗora wasu kaya a kai.

3.0 Ma'aunan Kwatanci

3.1 Girman Sensa

Sensa tamkar kwano ce da aka ajiye a ƙarƙashin ruwan sama: gwargwadon faɗin bakinta, gwargwadon abin da za ta tara. Girman da aka fi samu a kasuwa su ne kamar haka:

(a) Ta kyamarorin aljihu masu araha: kimanin milimita 6.2 sau 4.6.
(b) Wadda ake kira inci ɗaya, irin ta RX100: milimita 13.2 sau 8.8.
(c) Micro Four Thirds, ta Panasonic da Olympus: milimita 17.3 sau 13.
(d) APS-C: kimanin milimita 23.5 sau 15.6.
(e) Cikakkiya, daidai da fim na da: milimita 36 sau 24.

Idan aka yi lissafi za a ga cewa ta ƙarshe ta ninka ta farko kusan sau 30 wajen faɗi, ta APS-C kuma ta ninka ta inci ɗaya fiye da sau uku. Kyamarori biyu suna iya kasancewa da megafiksel 20 kowaccensu, amma a ɗaya an cusa ɗigogin a fili mai girman farcen ƙaramin yatsa, a ɗaya kuwa an baza su a fili mai girman kan sarki. A tsakar rana, a waje, bambancin ba ya fitowa sosai. A cikin zaure, ko ɗakin da ke da taga ɗaya, ko a dandali da dare, ƙaramar sensa ba ta samun isasshen haske, sai hoton ya fito da burtsatse kamar an watsa masa rairayi. Mafi yawan kyamarori marasa madubi suna cikin rukunin (c) zuwa (e), mafi yawan na aljihu kuma suna cikin (a) da (b).

3.2 Gilashi

Abu biyu ake dubawa a gilashi. Na farko shi ne tsawonsa, wanda ake aunawa da milimita: ƙaramar lamba tana kwaso fili mai faɗi, babbar lamba tana jawo na nesa. Na biyu shi ne faɗin ƙofar da haske ke bi, wanda ake rubutawa da harafin f. A nan lissafin a juye yake, domin ƙaramar lamba ita ce babbar ƙofa. Gilashi mai f/2.8 yana shigar da haske ninki huɗu na mai f/5.6.

Kyamarar aljihu ta haɗa komai a gilashi ɗaya, don haka dole a yi sassauci a wani wuri. Alal misali, Sony RX100 VII ta 2019 tana jawowa daga kwatankwacin milimita 24 zuwa 200, amma ƙofarta ba ta wuce f/2.8 ba, kuma tana tsukewa zuwa f/4.5 idan an jawo. Sony ZV-1 ta 2020 tana buɗewa har f/1.8, amma ba ta wuce kwatankwacin milimita 70 ba. Mai kyamara maras madubi ba ya cikin wannan tsaka mai wuya: yana da gilashin hira, da na takardu, da na filin sukuwa. Bugu da ƙari, da yake cire madubi ya rage tazarar da ke tsakanin gilashi da sensa, daga milimita 44 a tsohon tsarin Canon zuwa 20 a sabo, ana iya ɗaura tsofaffin gilasan SLR ta hanyar amfani da adafta. Sashen jami'ar da ke da irin waɗannan gilasai a ajiye bai yi asarar su ba.

3.3 Nauyi da Kuɗi

Nauyin kyakkyawar kyamarar aljihu yakan kasance tsakanin giram 250 da 300. Jikin maras madubi kaɗai yakan kai giram 400 zuwa 700, kafin a ɗaura gilashi, kafin a ɗauki jaka. Ta fuskar kuɗi kuwa, kuskuren da aka fi yi shi ne a gwada farashin kyamarar aljihu da farashin jikin maras madubi. Wanda ya sayi maras madubi ya fara sayayya ne, bai gama ba, domin gilashi mai kyau yana iya kai kuɗin jikin ko ya wuce. Sai dai gilashi yana daɗewa fiye da jiki, ana sauya jiki a ci gaba da amfani da shi. A ɗaya ɓangaren, ba kowace kyamarar aljihu ce mai araha ba. Fujifilm X100VI ta 2024 ta fi marasa madubi da dama tsada.

4.0 Zaɓe Gwargwadon Aiki

4.1 Ɗaukar Hoton Rubutattun Takardu

A nan ne kaɗai yawan ɗigo ke da ma'auni tabbatacce. Ƙa'idar da ma'adanai suka fi bi ita ce kada a gaza ɗigo 300 a kowane inci na takarda. Shafi mai girman A4 yana bukatar ɗigo 2,480 sau 3,508, wato kimanin megafiksel 8.7. Kyamara mai megafiksel 24 tana iya ɗaukar takarda mai tsawon santimita 51 da faɗin 34 bisa wannan ƙa'ida. Ashe ke nan kusan duk kyamarar zamani ta cika sharaɗin yawan ɗigo, matsalar tana wani wuri dabam.

A rubutun ajami da na Larabci, ɗigo ɗaya shi ke bambanta harafi da harafi, kuma wasulla da jan tawada da sharhin gefe sukan dushe da daɗewa. Ana bukatar gilashin da ke fitar da gefen shafi tas kamar tsakiyarsa, ba tare da lanƙwasa layuka ba. Irin wannan shi ne gilashin ɗaukar abu na kusa, wanda ake kira makuro, kuma a kan maras madubi ake ɗaura shi. Ana kuma bukatar adana hoto a tsarin RAW. Tsarin JPEG yana riƙe matakai 256 ne na kowane launi, RAW kuwa yana riƙe 4,096 ko 16,384, kuma a cikin waɗannan matakai ne ake ceto rubutun da ya kusa ɓacewa. Daga RAW ake fitar da fayil na TIFF, wanda ma'adanai suka fi karɓa, ciki har da shirin Ɗakin Karatu na Birtaniya na ceto takardun da ke fuskantar lalacewa, wanda aka fara a 2004. Har ila yau, aikin yana son a kafa kyamara a kan matsayi tana kallon ƙasa, a haska takardar daga gefe biyu ba tare da filashi ba, a ajiye ma'auni a gefenta, a kuma haɗa kyamarar da kwamfuta don duba kowane shafi. Wasu kyamarorin aljihu masu daraja suna da RAW, kuma za su fitar da mutum kunya idan shafukan kaɗan ne. Amma ga wanda zai ɗauki ɗaruruwan shafuka, a gidajen malamai ko a ma'adana irin ta Gidan Arewa da ke Kaduna, maras madubi ita ce kayan aiki.

4.2 Bidiyon Hira da Adabin Baka

Ga mai nazarin harshe, sauti ya fi hoto muhimmanci. Mafi yawan harsunan Nijeriya masu karin sauti ne, wasu kuma, kamar Hausa, suna bambanta dogon wasali da gajere. Makirufon da ke jikin kyamara yana nesa da bakin mai magana, yana kuma kwasar iska da kukan awaki da ƙarar janareto. Don haka tambaya ta farko ga mai sayarwa ita ce: shin kyamarar tana da ramin makirufo mai milimita 3.5? Mafi yawan marasa madubi suna da shi, wasu har da ramin abin saurare na kunne. A cikin na aljihu kuwa ƙalilan ne, irin su Canon G7 X Mark III da RX100 VII da ZV-1. Ricoh GR III, duk da kyawun hotonta, ba ta da shi.

Ko da ramin yana nan, aikin da za a auna shi da manhajar Praat, ko a rubuta shi daki-daki da manhajar ELAN, ya fi son a ɗauki sautin dabam da rikoda, a tsarin WAV wanda ba a matse shi ba. Tafi ɗaya a gaban kyamara a farkon ɗauka ya isa a daidaita sauti da hoto daga baya. Wanda ya tanadi rikoda mai kyau ya rage wa kyamararsa nauyi, kuma a wannan hali ta aljihu ma tana iya wadatarwa, muddin da rana ne.

Akwai abu biyu kuma da ya kamata a bincika. Kyamarori da yawa da aka ƙera kafin 2019 suna yanke bidiyo a minti 29 da daƙiƙa 59, saboda wata ƙa'idar haraji ta Tarayyar Turai ta wancan lokaci. Mai sayen ta hannu ya kula, kada tatsuniya ko waƙa ta yanke masa a tsakiya. Na biyu, wutar lantarkin Nijeriya tana zagaye 50 ne a daƙiƙa. Kyamarar da aka saita bisa tsarin Amurka takan fitar da bidiyo mai ƙyaftawa a ƙarƙashin wasu fitilu. Maganin shi ne a saita ta a kan hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa.

4.3 Kasuwa da Biki da Cikin Gida

Akwai wuraren da girman kyamara kansa matsala ne. Da zarar an ɗaga babbar kyamara mai dogon gilashi, mutane sukan sauya zama, su gyara murya, su koma magana irin ta gaban hukuma. Mai neman zance na yau da kullum, ko cinikin kasuwa, ko waƙar daka, ya rasa abin da ya je nema. Ƙaramar kyamara ba ta firgita kowa, ba ta gajiyar da hannu, kuma tana shiga aljihu a kan babur ko a cikin kwalekwale. Ƙaramar sensa ma tana da nata amfanin, domin takan fitar da na kusa da na nesa duka tas a hoto ɗaya, abin da ke taimakawa wajen ɗaukar kayan sana'a da allunan talla da rubuce-rubucen jikin mota. Ƙanƙantar kyamara dai ba ta ɗauke wa mai bincike wajibcin neman izini ba. Hoton da aka ɗauka a ɓoye ba ya shiga ma'adana, yana kuma rufe ƙofa ga masu zuwa daga baya.

5.0 Yanayin Ƙasa

An ƙera mafi yawan kyamarori ne don su yi aiki tsakanin digiri 0 da 40 na ma'aunin Salshiyas. A garuruwa irin su Sakkwato da Maiduguri zafin bazara yakan wuce haka. Ƙaramin jiki ba ya fitar da zafi da sauri, saboda haka kyamarar aljihu, da ma ƙananan marasa madubi, sukan kashe kansu a tsakiyar dogon bidiyo. Inuwa da rage nauyin bidiyo daga 4K zuwa 1080 suna taimakawa.

Ƙurar hunturu tana cutar kowacce ta hanyarta. Idan aka cire gilashin maras madubi, sensa takan kasance a fili, ƙura ta sauka a kanta, ta riƙa fitowa a matsayin tabo a kowane hoto. A shafin ajami irin wannan tabo yana iya kama da ɗigon harafi. Amma mai ita yana iya hure ƙurar da 'yar robar hura iska. Ta aljihu a rufe take, sai dai gilashinta mai shiga da fita yakan zuƙi ƙura a hankali, kuma idan ta shiga sai an kai wa mai gyara ya kwance ta. A kudancin ƙasa, kamar Kalaba da Fatakwal, damshi ne abokin gaba, domin yana sa fumfuna ta tsiro a cikin gilashi. Ajiya a rufaffen mazubi tare da ƙullin sinadarin tsotse damshi ita ce rigakafi. Ga mai aiki a bakin ruwa akwai na aljihu da aka ƙera don jure ruwa da ƙura da faɗuwa, irin su Olympus TG-6.

Batir kuma ba ya daɗewa a dukkansu, tun da allo a kunne yake koyaushe. Na kyamarorin aljihu yakan ɗauki hotuna 200 zuwa 300, na marasa madubi yakan ɗara haka. Inda wuta ba ta da tabbas, ya kamata a zaɓi wadda ake iya yi wa caji ta USB, a kuma tanadi batir biyu ko uku da katin ajiya fiye da ɗaya.

6.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta nuna cewa kyamara maras madubi ta yi fice wajen girman sensa, da sauya gilashi, da karɓar makirufo, ta aljihu kuma ta yi fice wajen sauƙin ɗauka da rashin jan hankalin jama'a. Wanda aikinsa ya shafi rubutattun takardu masu yawa, ko doguwar hira a wuri mai ƙarancin haske, ya nemi maras madubi, ko da mai sensa ta APS-C ko Micro Four Thirds ce, ya kuma ware kuɗin gilashi da matsayi da makirufo tun a kasafin farko. Wanda aikinsa na yawo ne a cikin jama'a da rana, kuma yana da rikoda dabam, ta aljihu mai sensa ta inci ɗaya ko fiye ta ishe shi. Mai 'yar ƙaramar sensa kuwa ba ta fi wayar da ke hannunsa da wani abin kirki ba. Ga sashen jami'a, abin da ya fi dacewa shi ne a mallaki maras madubi ɗaya da gilasanta don amfanin kowa, a bar wa ɗaiɗaikun masu bincike ƙananan. Kowacce aka zaɓa, a gwada ta a gida, a irin hasken da za a tarar da kuma irin tsawon ɗaukar da za a yi, tun kafin ranar tafiya. Zauren dattijo ba wurin koyon maɓallan kyamara ba ne.